GUNTUN GATARINKA: DOGARO DA KAI KO DOGARA GA UBANGIJI?

Karatu: Irmiya 17:5-9, Filibiyawa 4:10-19
Ayar haddacewa: Karin Magana 3:5-6



Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwa, wani lokaci ma a gaban taro sa'ad da ake ba da shaida: "Ai Littafi Mai Tsarki ya ce Allah yana taimakon wanda ya taimaki kansa." Da Hausa kuma mukan ce, "Allah ya ce tashi in taimake ka." Ɗan'uwana, ɗauki Littafinka ka bincika tun daga Farawa har Wahayin Yahaya. Ba za ka sami wannan aya ba, domin babu ita. Duk da haka akwai masu bi da yawa da suka gina rayuwarsu a kanta. Sun haddace ta, suna koya wa 'ya'yansu, wasu ma ita ce ta hana su buɗe baki su nemi taimako a ranar da ruwa ya kai musu wuya. Saboda haka ya kamata mu san inda ta fito, mu kuma auna ta da Maganar Allah.

DAGA INA TA FITO?

Asalinta yana wajen Helenawan dā. A cikin tatsuniyoyin da ake dangantawa da wani mutum mai suna Isof akwai labarin mai amalanke wanda ƙafar amalankensa ta kafe a laka. Maimakon ya yi wani abu, sai ya zauna yana kiran gunkinsu Harkulis. Gunkin ya bayyana, ya umarce shi ya sa kafaɗa ya tura, ya kora shanun tukuna, kafin ya nemi agaji. Bayan ɗaruruwan shekaru, wani Ba'amurke mai aikin ɗab'i a birnin Filadelfiya, Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100, ya sa maganar a kalandarsa ta shekarar 1736. Kalandar nan, da yake bugawa shekara-shekara, cike take da gajerun maganganu a kan ƙwazo da tattali, ta kuma shiga gidaje da yawa. A hankali maganar ta bazu, har mutane suka ɗauka aya ce.

Gajeriyar magana tana da ƙarfi ƙwarai. Ba ta tsayawa a ƙofar gida ta yi sallama. Kafin ka ankara ta shige ɗaki ta zauna. Mai Hadishi 12:11 ya kwatanta maganar masu hikima da tsinken korar dabbobi da kuma ƙusar da aka kafa daram. Ƙusa kuwa tana iya riƙe rufin ɗaki, tana kuma iya huda ƙafa. A Ezekiyel sura 18 Allah da kansa ya hana Isra'ilawa ci gaba da faɗin wani karin magana da ya zama ruwan dare a cikinsu, domin yana koyar da ƙarya game da adalcinsa. Ayuba ma ya ce wa abokansa karin maganarsu toka ce (Ayuba 13:12). Ke nan daɗin da magana take yi a kunne ba shi ne hujjar gaskiyarta ba.

MUTUMIN DA YA YI WA'AZIN DOGARO DA KAI

A cikin marubutan Turawa da wuya a sami wanda ya ɗaukaka wannan koyarwa kamar Ralph Waldo Emerson. An haife shi a Boston ta Amurka a 1803. Ɗan fasto ne, shi ma ya zama fasto a 1829, amma a 1832 ya ajiye aikin domin zuciyarsa ba ta yarda ya ci gaba da ba da Jibin Ubangiji ba. A 1841 ya buga shahararriyar maƙalarsa a kan dogaro da kai. Gwanin gajerun jimloli ne; har yau ana liƙa maganganunsa a bangon makarantu, ana kuma yaɗa su ta waya.

A taƙaice, abin da ya koyar shi ne mutum ya amince da muryar zuciyarsa fiye da littafi, ko al'ada, ko ikkilisiya. Ya ce kwaikwayon wasu yana kashe mutum, jama'a kuma kullum so suke su danne wanda ya fita dabam. Ya raina addu'ar roƙon biyan wata bukata, ya nuna ƙyashin ba da sadaka ga matalautan da bai ɗauke su nasa ba, ya kuma nuna cewa daga cikin mutum kansa kwanciyar rai take fitowa.

Kada mu yi masa rashin adalci. Akwai gaskiya a cikin kiran da ya yi cewa mutum ya daina bin taro ido rufe. Shi kansa ya fito fili ya soki cinikin bayi a ƙasarsa. Shadrak, Meshak da Abednego ma sun tsaya a tsaye sa'ad da kowa ya rusuna. Amma tambayi kanka: da me suka tsaya? Ba su ce sun amince da kansu ba. Sun ce Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu.

Yanzu dubi rayuwar Emerson. Mahaifinsa ya rasu a 1811, yana da kusan shekara takwas. Mahaifiyarsa ta riƙa saukar da baƙi 'yan haya don ta ciyar da 'ya'yanta, ikkilisiyar da uban ya yi wa hidima kuma ta tallafa wa iyalin. Matarsa ta fari ta rasu a 1831, gādon da ya samu daga dukiyarta kuwa yana cikin abin da ya ba shi sararin zama ya yi rubutu. A 1872 gidansa da ke garin Concord ya kama da wuta. Maƙwabta ne suka ruga suka kwashe littattafansa da takardunsa, abokai suka tara kuɗi aka gyara gidan, aka kuma tura shi yawon hutawa har ƙasar Masar. A ƙarshen rayuwarsa mantuwa ta kama shi, har sunan abubuwan da yake amfani da su kullum yakan ɓace masa. 'Yarsa Ellen ce take tsayawa kusa da shi sa'ad da yake karanta lacca. Ya rasu a 1882.

Ba don mu yi masa dariya na kawo wannan ba, gama dukanmu hanyar ke nan. Hannun wasu ne ya karɓe mu ranar da muka zo duniya, hannun wasu ne kuma zai ɗauke mu ranar da za mu bar ta. Shi ya sa Irmiya ya kwatanta mai dogara ga ƙarfin ɗan adam da ɗan tsiro a hamada, a busasshiyar ƙasa mai gishiri. A aya ta 9 kuma ya faɗi abin da Emerson bai so ya ji ba, cewa zuciya ta fi kome yaudara. Karin Magana 28:26 ta kira mai dogara ga zuciyarsa wawa. Wanda ya maishe da zuciyarsa alƙali, ya ba ɓarawo ajiyar makulli.

GATARIN ARO

Emerson yana da wani aboki matashi, Henry David Thoreau, wanda ya gwada irin wannan koyarwa a aikace. Ran 4 ga Yuli, 1845, ya koma wata 'yar bukka da ya gina a bakin tafkin Walden, ya zauna shekara biyu da wata biyu yana noman wake, yana rayuwa da ɗan abin da ya samu. A 1854 ya buga littafi a kan wannan zama, littafin da har yau ake ɗauka tutar masu cewa mutum ya wadatu da kansa.

Amma ga abin lura. Filin da ya gina bukkar na Emerson ne. Gatarin da ya sare itatuwan da shi, aro ya yi, shi da kansa ya faɗa. Ranar ɗaga ginshiƙan ɗakin kuma abokai ne suka zo suka kama masa, kamar yadda muke yin gayya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gaskiya ne kuwa a harkar duniya. Amma a gaban Allah wane ne mai gatarin kansa? Numfashin da kake shaƙa, lafiyar da ta tashe ka da safe, basirar da kake sana'a da ita, duk ba ka ƙera ko ɗaya ba. Bulus ya tambayi Korantiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba (1 Korantiyawa 4:7). Musa kuma ya gargaɗi Isra'ila cewa in sun ci sun ƙoshi, sun gina gidaje masu kyau, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu, gama Ubangiji ne mai ba da ikon samun dukiya (Maimaitawar Shari'a 8:11-18).

BULUS DA SITOKIYAWA

Tun kafin Emerson da shekaru kusan dubu biyu, masanan Helenawa da ake kira Sitokiyawa sun koyar da irin wannan abu. Su ne wasu daga cikin waɗanda suka yi muhawara da Bulus a Atina (Ayyukan Manzanni 17:18). Burinsu shi ne mutum ya kai matsayin da babu abin da ke waje da zai girgiza shi, ko talauci, ko ciwo, ko mutuwar ɗa. Wani malaminsu, Efiktetus, wanda ya taɓa zama bawa, ya koyar cewa mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa, ya daina damuwa da na biyun. Markus Aureliyus, wanda ya yi sarautar Roma daga 161 zuwa 180, ya rubuta wa kansa gajerun nasihohi, yana tuna wa ransa ya nemi mafaka a cikin kansa. Abin mamaki, kashin farko na littafin nasa jerin godiya ne ga kakansa, da mahaifiyarsa, da malamansa, a kan abin da ya koya daga kowannensu.

Masanan nan suna da wata kalma da suke ji da ita, autarkes, wato wanda ya ishi kansa. Ita ce kalmar da Bulus ya ɗauka a Filibiyawa 4:11, inda ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Da Basitoke ya ji wannan, da ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan namu ne." Amma da ya kai aya ta 13, da ya yi turus. A can Bulus ya bayyana asirin: iyawarsa duka ta wurin Almasihu ne mai ƙarfafa shi. Kalma ɗaya ce, amma rijiyar da ake ɗebo ruwan dabam ce. Basitoke yana ɗiba daga randar zuciyarsa, randa kuwa takan ƙafe. Bulus yana kama da itacen nan na Irmiya da aka dasa a bakin rafi, wanda ganyensa ba ya yaushi ko a shekarar fari.

Ka kuma lura da inda Bulus ya faɗi wannan magana. Yana ɗaure ne, yana rubuta wasiƙar godiya saboda gudummawar da Filibiyawa suka aiko masa ta hannun Abafaroditas. Bai mayar musu da kayansu ba don ya nuna shi ƙaƙƙarfa ne. Ya karɓa, ya ce sun kyauta da suka tarayya da shi cikin wahalarsa, ya kira kyautar hadaya mai ƙanshi. Manzon da ya fi kowa aiki bai ji kunyar karɓar taimako ba.

TO, SAI MU NAƊE HANNU?

Ko kaɗan. Kada wani ya karanta wannan ya koma ya shimfiɗa tabarma ya ce yana jiran Ubangiji. Bulus ɗin nan maɗinkin alfarwa ne, ya yi aiki da hannunsa dare da rana don kada ya nawaita wa kowa. Shi ne ya ba Tasalonikawa doka cewa wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci (2 Tasalonikawa 3:10). Karin Magana ta tura rago wajen tururuwa ya koyi hankali. Azumin kwana arba'in ba zai yi maka huɗa a gona ba, man shafewa kuma ba zai rubuta wa ɗalibi jarrabawar da bai yi karatunta ba.

Galatiyawa sura 6 ta daidaita mana al'amarin. Aya ta 2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Ba saɓani ba ne, gama kalmomi biyu ne dabam a Helenanci. Akwai kayan da aka ɗora wa kowa daidai ƙarfinsa: aikinka, ciyar da iyalinka, tsarkin rayuwarka. Wannan ba wanda zai ɗaukar maka. Akwai kuma nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: doguwar jinya, rasuwa, gobara, karayar jari, jarabar da ta kama ka da ƙarfi. Wannan na jiki ne duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rago yana so a ɗaukar masa kayansa, mai girmankai kuma yana ƙin a kama masa nauyinsa. Dukansu biyu sun kauce wa Maganar Allah.

HAR YA YI ƘARFI

Sarki Uzziya, wanda ake kuma kira Azariya, ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Ya gina hasumiyai, ya haƙa rijiyoyi, ya shirya runduna. 2 Tarihi sura 26 ta nuna cewa an taimake shi ƙwarai har ya ƙasaita, da ya ƙasaita kuma sai girmankai ya kama shi. Ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba, kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a ware. Hatsarin dogaro da kai bai cika zuwa a lokacin rashi ba. Yakan zo ne bayan Allah ya buɗe ƙofa: an sami aiki, shago ya cika, an sayi mota. Daga nan addu'ar asuba ta fara gajarta, taron tsakiyar mako ya zama sai in da hali.

Yanzu ka tuna da mutumin da ya yi shekara 38 yana fama da rashin lafiya, wanda Yesu ya tarar kwance a bakin tafkin Betasda (Yahaya sura 5). A wurin nan dokar ita ce wanda ya riga shiga ruwa shi ke warkewa, wato mai taimakon kansa shi ke samu. Shi kuwa ba shi da ƙafa, ba shi da kowa. Wurinsa Yesu ya nufa. Ya ce masa ya tashi, amma bai jira ya tashi da ƙarfinsa ba tukuna kafin ya taimake shi. Ikon tashin yana cikin umarnin. Wannan ita ce bishara. Romawa 5:6 ta nuna cewa tun muna marasa ƙarfi Almasihu ya mutu dominmu. Da Allah yana taimakon masu taimakon kansu kaɗai, da ba ko ɗayanmu da zai sami ceto. Haleluya!

Bitrus ma ya taɓa amincewa da zuciyarsa. Ya bugi ƙirji cewa ko kowa ya gudu, shi ba zai gudu ba. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku, har a gaban wata baranya. Shi ya sa Yesu ya hana almajiran barin Urushalima sai sun karɓi iko daga sama. Ranar Fentikos Ruhu Mai Tsarki ya sauko, Bitrus ɗin nan ya miƙe ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka tuba. Allah yana so ka zama jarumi, amma jarumtar da ke fitowa daga cikar Ruhu.

GARE KA, GARE KI

Na san wani ɗan'uwa mai sana'ar hannu wanda kasuwa ta juya wa baya. Wata da watanni yana zuwa sujada da kaya a goge, in an gaishe shi sai ya ce, "Muna cikin nasara." Ashe an koro 'ya'yansa daga makaranta, ya ci bashi mai ruwa don ya rufe wani bashin, matarsa kuma tana kuka a ɓoye domin ya hana ta faɗa wa kowa. Sai da masu bin bashi suka zo ƙofar gida muka sani. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Baba, namiji ba ya kai kuka." Na ce masa, "Ɗana, a wace sura ka karanta wannan?" Dawuda ya kai kuka. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi. 'Yan'uwa suka haɗa hannu, aka yi addu'a, aka zauna da shi aka tsara yadda zai biya. Ya ɗauki lokaci, amma ya fita. Da ya yi magana da wuri, da rabin wahalar bai same shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wace magana ce take mulkin rayuwarka? "Ba na bukatar kowa"? "Kowa tasa ta fisshe shi"? "Ni na gina kaina"? A wannan mako ka yi abu uku. Na ɗaya, duk maganar hikimar da ka riƙe, ko daga littafi, ko daga waya, ko daga bakin kakanni, ka auna ta da Nassi kamar mutanen Biriya. Ka riƙe mai kyau, ka zubar da sauran. Na biyu, ka rubuta sunayen mutum biyar da Allah ya yi amfani da su ya kawo ka inda kake, ka gode masa, ka kuma kira ko ɗaya daga cikinsu ka yi masa godiya. Na uku, in akwai nauyin da kake ɗauke da shi a ɓoye, ka kai shi ga Ubangiji, sannan ka faɗa wa fastonka ko wani amintaccen mai bi kafin ranar Lahadi. In kuwa Allah ya wadata ka, buɗe ido ka ga wanda yake nishi kusa da kai.

ADDU'A

Ya Uba, na tuba daga girmankan da ya sa na ɗauka ƙarfina ne ya kawo ni nan. Ka gafarta mini inda na sa maganar mutane a matsayin Maganarka. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki. Ka ba ni ƙwazo in ɗauki kayana, tawali'u in karɓi taimako, da ƙauna in kama wa ɗan'uwana nauyinsa. Ka dasa ni a bakin rafinka, kada in bushe a shekarar fari. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.

FURCIN BANGASKIYA

Ba ni kaɗai ba ne. Ubangiji ne madogarata, Almasihu ne ƙarfina, Ruhu Mai Tsarki ne mataimakina. Zan yi aiki da hannuna, zan dogara ga Allahna, ba kuwa zan sha kunya ba. Amin!